Gemun Almu da Mota Mai Baki Biyu

A ƙauyenmu, can gefen Korgom, in ka ce "Almu" sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce "Gemu" ko akuya ta san gidan da kake nufi. Almustapha ne sunansa na yanka, magatakarda ne a biro, wato ofishin wata ƙungiyar dasa itatuwa a Tasawa. Tun da nake ban ga mutumin da ya ɗauki gashin haɓarsa da daraja kamarsa ba. Gemu ne baƙi wuluk, ya sauko har ƙirji. Kullum safiya a wanke shi da sabulu mai ƙamshi, a shafa masa mai, a taje shi da wani ɗan mataji da ba ya rabuwa da aljihun gaba. Matarsa Zara'u ta sha faɗa cewa da ita ake yi wa rabin wannan hidima, da yanzu ba ta iya shiga ƙofar ɗaki don ƙiba.

Baƙin cikinsa ɗaya ne, hawan kabu-kabu zuwa aiki. Kafin babur ya kai shi Tasawa iska ta raba gemun biyu, ƙwari sun yi masauki a ciki. Don haka da damina ta faɗi ya sayar da bijiman gadonsa, ya tafi Maradi, ya dawo da mota ta hannu mai baki biyu, ɗaya na shan isansi, wato fetur, ɗaya na shan kuran, wato wutar lantarki.

Ya shirya shigowa gari da la'asar, lokacin da majalisa ta cika a gindin itacen bedi. Abin da bai lissafa ba shi ne, in motar tana kan kuran ba ta da ƙara ko kaɗan. Ta sulalo kamar mage, ta tsaya a bayan majalisa, ba wanda ya waiwaya, ana ta dara. Almu ya ja da baya, ya fita gari, ya sake shigowa. Shiru. Wata tunkiya ma ta zo ta kwanta a inuwar motar. A ƙarshe dole ya fito da kansa ya yi sallama, abin da ya fi komai yi masa ciwo.

"A'a, Taubashi!" in ji Na Allah. "Yaushe anka turo ka?"

Na Allah ɗan kawunsa ne, taubashinsa, kuma shi ke sayar da isansi a kwalabe a bakin kasuwa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba.

"Turowa?" Almu ya shafa gemu. "Jahilci dai cuta ne. Wagga ita aka kira ibrid. Zero isansi, zero hayaƙi, zero polisiyo, wato ɓata iska. Kai da kwalabenka, kasuwarku ta watse. Ku ne kuka ɓata iska, ku ne kuka kore ruwan sama, ga zahi ya ishi duniya. Ni daga yau kyauta za ni aiki, kyauta in dawo."

"To wanga bakin na baya hwa? Na shan hura ne?"

"Na raggaye ne. Ni ba ni bukata tai."

Da ya tsaya nan da lafiya lau. Amma ya ga idanu sun dawo kansa, kuma Almu in ya ga idanu ba ya iya saukowa. Ya sa aka kawo tiyo da roba, ya zuƙe isansin da ke cikin tankin kaf a gaban jama'a, ya tura wa Na Allah, ya ce sadaka ce ga mai sana'ar da ta mutu. Na Allah ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗura a kwalabe.

"Ku shaida," in ji Almu, ya kama gemunsa. "Daga yau har watan Cika-ciki, in anka ji motag ga ta sha isansi ko ɗigo, Taubashi shi kira wanzami shi aske min gemu tsakiyar kasuwa."

Maigari, wanda ke kishingiɗe a gefe, ya tashi zaune ya ce, "Almu, ka ji abin da bakinka ya hwaɗi?"

"Ranka shi daɗe, da Faransanci ma sai in maimaita."

Cika-ciki shi ne watan da taubasai ke bin juna shara, ɗan abin da ake fizga a wurin taubashi don raha. Na Allah ya ce bana ba ya son ko dala, gemu ne shararsa. Sharaɗi ɗaya ya ƙara, ranar kasuwar farko ta watan, motar ta shigo kasuwa da ƙafarta, kowa ya gani. Maigari ya shaida, aka shafa fatiha.

Washegari motar ta kai shi Tasawa lafiya, ya jona ta a biro ta sha kuran. Sai dai batirin tsoho ne, hanyarmu kuwa yashi ce, yashi kuma ba ya wasa da batir. A dawowa, ana hango hasumiyar masallacinmu, motar ta yi wani ɗan kuka kamar tsako, ta mutu a tsakiyar gonakin hatsi. Ƙauyenmu ba kuran. Wannan ma Almu ya sani, tunda a nan aka yanke masa cibiya, amma ya manta da shi a Maradi.

Sidi ne ya tarar da shi, wani Buzu maƙwabcinmu mai raƙumi, wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Ya dubi motar, ya dubi Almu, ya ɗaura igiya. Haka aka shigo gari, raƙumi a gaba, mota a baya, Almu a ciki ya fito da gwiwar hannu ta taga yana ɗaga wa mutane hannu.

"Taubashi, ashe baki uku gare ta," in ji Na Allah. "Na ukun ƙaya yake ci."

"Gwaji nike. Ina auna ƙarhin raƙumi ne."

Sai ya shiga neman wuta. Idonsa ya faɗa kan faranten hasken rana da ke jan ruwan famfon gari. Da hantsi ya ja waya ya jona motarsa, famfo ya tsaya cak. Kafin azahar mata sun yi dafifi da jarkoki, Fatsuma mai ƙosai a gaba, zane ɗaure a ƙugu.

"Malam Almu, mi munka yi maka?"

"Haƙuri za ku yi, don gobenku nike yi. In duniya ta yi sanyi..."

"Duniya ta yi sanyi, tukunyata hwa? Da mi zan jiƙa wake, da gemunka?"

Ba su zage shi ba. Jarkokinsu kawai suka jera a kan motar, bisa rufi, bisa hanci, har cikin kujeru, suka ce tunda ita ta sha ruwan gari, ita za ta je rijiyar fadama ta ɗebo. Hadari kuma ya taso ya rufe rana, motar ba ta sami abin kirki ba. Ranar nan an ga Almu da jarka a ka yana bin layin mata, ya tura gemu cikin riga don kada ya jiƙe. Maigari ya yanke hukunci, wayarsa ta sake kusantar famfo, da ita za a ɗaure shi.

Daga nan ya yi hayar gurup, injin wutar da ake kunna talabijin da shi a gidan kallon ƙwallo. Gurup kuwa tsoho ne, mashayi ne na ƙin ƙarawa, kuma a garin mutum ɗaya ne ke sayar da abin da yake sha. Na Allah ya ga taubashinsa tsaye a gaban teburinsa da jarka, ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Ba motar za ta sha ba," in ji Almu da sauri. "Gurup ne."

"Na sani, Taubashi. Ita ai waliyyiya ce, mai renonta ne ɗan giya. Kwalba nawa?"

Abin da gurup ya sha a yini guda ya isa ya kai kabu-kabu Tasawa ya dawo har a gaji da zirga-zirga. Ƙara kuwa kamar ana niƙa duwatsu. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, wankin da Zara'u ta shanya ya koma launin toka, kajin maƙwabta suka daina ƙwai, ladan ya yi kiran salla ba wanda ya ji. A tsakiyar hayaƙin Almu na zaune kan kujera, ya naɗe gemu da tawul, yana yi wa masu tari bayanin tsabtar iska da ihu. Da liman da kansa ya kai ƙara, Maigari ya sa aka ɗauke gurup a amalanke.

Da wani ne, da ya ji haka sai ya sauko, ya je ya ba taubashinsa haƙuri da ɗan goro. Almu kuwa ya kwana yana tunani, gari ya waye ya ce ya gano wutar da ba ta hayaƙi ba ta ƙarewa, wato ƙarfin jama'a. Ya aika aka yi shelar gayya.

Gayya dai kowa ya san ta a gona ake yi, a taru a nome wa mutum, shi kuma ya ciyar. Ba a taɓa jin gayyar tura mota ba, shi ya sa kowa ya zo, don a ga ƙarshen abin. Majiya ƙarfi suka dafa mota, makaɗin noma ya rataya gangarsa ya bi su, Almu na ciki da kaftani yana riƙe da sitiyari. Aka nufi Tasawa ana kiɗa ana kirari, "Gemu na gaba, mota na baya!" A hanya masu amalanke suna wuce su suna yi musu sannu. Sun isa biro an tashi cin abincin rana, kuran kuma an ɗauke tun safe, don haka aka juyo da ita yadda aka kai ta.

Masu gayya ba iska suke ci ba. Zara'u ta dafa tuwo tukunya bayan tukunya, ta dama fura har hannunta ya kumbura. Rumbu ya fara amsa kuwa. Itace ya ƙare, aka shiga sassabe reshen gawo da bedin da Almu ya dasa a gonarsa, waɗanda ya ɗauki hoto da su aka manna a bangon biro. Hayaƙin madafar gidansa ana hango shi daga hanyar Korgom, har wasu baƙi suka ratso suna tambaya ko suna ake yi.

"Malam," in ji Zara'u, idanunta jawur, "motarka ba ta hayaƙi, ni ce nike yi. Ba ta shan isansi, hatsinmu take sha. Ka ba Na Allah gemun nan mu huta, wani na tsirowa."

"Ke ba ki san ekoloji ba."

"Na san gindin rumbu, na gan shi yau."

Sannan ga abin da Almu ya manta, wanda yaron goye ma ya sani a garin nan. Gayya ramuwa gare ta, wanda ya zo taka dole ka je tasa, kuma lokacin maimai ne. Da sassafe sai ga sallama, gonar wane yau, gonar wane gobe. Mutumin da rabonsa da hauya tun yana ɗan makaranta a lakwal, sai ga shi a kunya yana haki, gemu ya cika da ƙasa da ƙarangiya. Har gonar Na Allah sai da ya noma, domin shi ma ya taɓa motar da ɗan yatsa ranar gayya, kuma yana da shaidu. Shugabansa na biro ya aiko a tambaya ko ya rasu ne ba a sanar ba.

Haka aka lallaɓa har watan Cika-ciki ya tsaya. Ranar kasuwa ta zo, batir babu ko numfashi, masu gayya sun ce bayansu ya gaji, sharaɗi kuma ya ce da ƙafarta za ta shigo. Tun hantsi aka ga wanzami zaune kusa da teburin Na Allah yana wasa aska, Na Allah na saya masa shayi.

Almu ya tafi wurin Sidi ya ari rawani, irin mai rufe fuska sai idanu. Ya ce motar na bukatar shan iskar daji, raƙumi ya ja ta zuwa bayan wani tudu nesa da gari. Daga can ya naɗa rawani, ya cusa gemu a ciki har fuskar ta yi tulu kamar mai ciwon hangum, ya taka zuwa bakin babbar hanya inda wani baƙon mai kwalabe ke zama. Ya maƙe murya ya nemi mafi araha.

"To, Malam Almu," in ji mai kwalabe. "A gaida Na Allah."

Almu ya yi kamar bai ji ba. Ya dawo ya ɗura wa motar ta bakin raggaye, ya tayar da injin a bayan tudu don ya cika batir, ya dubi Sidi.

"Ka ga wani abu?"

"Ni ban ga komi ba," in ji Sidi. "Raƙumina dai ya yi atishawa."

Dabarar ita ce batir ya ɗan samu, a kashe injin, a shiga kasuwa shiru kamar yadda aka saba. Kuma wallahi ta yi. Ana tsakiyar ciniki sai ga mota ta sulalo ta ƙofar kasuwa, ba raƙumi, ba gayya, ba ƙara. Mata suka yi guɗa, makaɗi ya ruga ya ɗauko ganga. Na Allah ya ajiye kofin shayinsa, fuskarsa ta faɗi, wanzami ya fara mayar da aska cikin zabira. Maigari ya ɗaga hannu zai yanke magana. Da Almu ya taka birki a nan ya fito, da yau gemunsa ya kai cibiya.

Amma ya ji guɗa. Ya ce bari ya zaga kasuwa sau ɗaya don na baya su gani. Ya zaga rumfar masu hatsi, ya zaga ta masu tabarmi. Ya kunna fitilu da rana tsaka, ya kunna sanyi, ya kunna rediyo, ya sauke gilasai duka don a ga gemu. Wani abu ya fara ƙyaftawa a gabansa yana ƙara, ya ɗora hularsa a kai. Ya sake zagayowa, ya zo daidai teburin Na Allah, ya rage tafiya, ya leƙo.

"Taubashi, ka ji wani abu? Ka ji ko tari? Ka shaƙi..."

Ita irin wannan mota, in batir ya ƙare kuma akwai isansi a cikinta, ba ta shawara da kowa. Injin ya tashi da kansa. Ya yi gurnani, ya yi tari, ya harba wata ƙara kamar bindigar mafarauta, domin isansin mafi araha rabinsa kananzir ne. Baƙin hayaƙi ya fito ta baya ya lulluɓe tiren ƙosan Fatsuma. Jakuna suka tsinke igiya, wata tsohuwa ta watsar da ƙwaryar nono.

"Cikina ne!" in ji Almu. "Wake na ci!"

"To Allah shi ba ka lahiya," in ji Na Allah. "Kashe cikin mu ji."

Ya danna wannan, ya danna wancan, mai share gilashi ya kama aiki, but ɗin baya ya buɗe, kwalbar da ya ɓoye ta gangaro ta tsaya a ƙafar Maigari. Makaɗi, ɗan banza, ya saurari bugun injin ya ɗora kiɗa a kai. Sai ga Sidi ya ratso taro a natse, ya ce a ba shi rawaninsa, in da hali a haɗa da sabulu, don warin isansi yake yi.

Maigari ya ɗauki kwalbar, ya shinshina, ya ce, "Almu, baki shi ke yanka wuya. Naka ya yi maka sauƙi, a haɓa ya tsaya."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar kasuwa. Almu ya nemi a bar masa rabi, aka ƙi. Ya nemi a bar masa ɗan tsinin ƙasa, Na Allah ya ce shara ba a yin ta rabi, a share duka. Ya ciro ɗan matajinsa ya taje gemun a hankali, ya rufe ido. A nan, ban ɓoye muku ba, ya ba ni tausayi, na ga hawaye ya gangaro ya shige cikin gashin. Har dattawan da ke wurin kowa ya kai hannu ya shafa nasa. Wanzami ya yi bisimilla. Da ya gama sai ga wata 'yar haɓa fara sol, ƙarama kamar ƙwan zabo, wadda rabon rana da ganinta tun Almu na saurayi.

Na Allah ya tattara gashin a leda, ya rataye a jikin teburinsa, ya ce duk wanda ya sayi kwalba biyu zai taɓa kyauta. Sannan ya dafa kafaɗar taubashinsa ya ce gobe da safe ya zo ya kai shi Tasawa a babur, yanzu ai ba abin da iska za ta raba.

Almu ya bar motar a kasuwa ya taka zuwa gida. A hanya ba wanda ya gaishe shi, ba don wulaƙanci ba, ba a gane shi ba ne. Karen maƙwabta ya bi shi da haushi har ƙofa. Ya shiga zaure, ya ji kunyar faɗawa kai tsaye, ya tsaya ya yi sallama a gidansa.

Zara'u ta leƙo, labari ya riga shi isowa tun tuni. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma bayan zana.

"Maigidan ba ya nan," ta ce.

"Zara'u, ni ne hwa."

"Bawan Allah, ban san ka ba. Maigidan ya hita tun sahe, shi da gemunai. In ka gamu da su a hanya, ka ce ma gemun tuwo na hucewa."